Ranar Da Na Haɗa Wa Surukina Lemo Mai Kumfa

Laifin da na yi, in har laifi ne, shi ne na dasa itace a gonar aro. Wanda ba a ƙauye ya tashi ba zai ce to sai me? A wurinmu kuwa gara a kama ka cikin rumbun mutum da rana tsaka. In aka ara maka gona, shuka gero, shuka dawa, yi albasa, yi tumatir, duk abin da za a kwashe kafin shekara ta zagayo. Amma itace ba ya tashi in an ce masa tashi. Bana dashe ne, baɗi inuwa, nan da shekara ashirin 'ya'yanka suna gaban dagaci suna rantsuwa wurin nasu ne tun kakan kakansu. Kowa ya san wannan. Ni ma na sani sarai. Sanin ne dai bai hana ni ba.

Gonar ta surukina ce, mahaifin maiɗakina, wani ɗan fegi a ƙasan madatsar ruwan Watari da ya ara mini in riƙa noman rani. Wata rana na shiga Kano na ga ana sayar da dashen lemon zaƙi mai aure a bakin titi, sai zuciyata ta ce mini ai guda tara ba za su ci wuri ba. Na kawo na jera su a gefen fangalan albasa, na shirya in an tambaye ni in ce shinge ne. Ba wanda ya tambaya. Baba, wato surukin nawa, ya sha wucewa ta wurin a kan kekensa, in bishiyoyin suna yamma sai ya ga wani abin sha'awa a gabas. Maiɗakina ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya tsaya yana ja-in-ja da mijinta a kan iyakar gona.

Shekara biyar muna zaune lafiya. A ta shida bishiyoyin suka tona mini asiri, suka yi 'ya'ya. Ba 'ya'yan wasa ba, sai da na sassaro gwafa na tokare rassan. Mutane suka fara cewa lambun mai lemo, mai lemon kuwa ni ne, har in na ji an faɗa sai in gyara zaman hula. Wannan suna shi ya shiga kunnen ƙanin maiɗakina, magidanci mai shekara arba'in da 'ya'ya bakwai, wanda tsakanina da shi ba komai sai tsokana tun ranar da aka ɗaura aurena da yayarsa. Ya same ni ina ban ruwa, ya kashe babur, ya tsaya yana ƙare wa bishiyoyin kallo kamar mahauci a kasuwar shanu.

“Mijin Yaya, sannu da aiki. Na ji an ce ka ci gadon Baba tun yana raye.”

“Tafi can, ƙanin mata. Shinge ne.”

“Shingen da ake tokarewa da gwafa? To Baba ya ce in gaya maka ranar Asabar da hantsi yana nan zuwa gidanka. Ni kuma na kai gatarina maƙera.”

Da dariya ya faɗa, ni ma da dariya na karɓa. Amma da yamma na bi ta maƙera kamar mai neman lauje, na ga gatarin jingine, bakinsa yana ƙyalli. A nan dariyar ta ƙare. Bishiyoyin nan tara na san kowace da halinta, na san mai son ruwa, na san mai rowa, na san wadda gara ta so kashewa na yi wata guda ina jinyarta da toka. In aka ce Asabar da la'asar za su zama itacen girki, to ni dai ban san inda zan sa fuskata in bi ta hanyar nan ba.

Hujja ba ni da ita. Al'ada tana bayansu, gaskiya tana bayansu, ni ba abin da ke bayana sai lemo. To sai na ce bari lemon ya yi magana da kansa. Kuma na san harshen da zai yi maganar da shi, domin na taɓa ji a Kano.

Ina da ɗan baffa ma'aikacin ofis a birni. Wata Lahadi ya ce in zo mu karya tare. Na isa tun ƙarfe bakwai da yunwata cikakkiya, aka ajiye ni a falo ina kallon labule har sha ɗaya saura. Cikina ya yi kira, ya yi roƙo, ya koma zagi. Ashe wai yayi ne ya shigo: a haɗe karin kumallo da abincin rana a ci da hantsi, har suna gare shi na Turanci. Na ce masa ai mu tun kakanni haka muke, sai an yi noma an jiƙe da gumi sannan a kawo fura gona, ashe cikin wayewa muke ba mu sani ba. Bambancin kawai, mu fartanya muke riƙe da ita kafin hantsin, su matashin kai.

To a wurin cin nan ne matarsa ta kawo wasu kofunan gilashi masu dogon wuya kamar zalɓe. Ta zuba ruwan lemo rabi, sannan ta ɗauko wata kwalba mai wuya naɗe da takardar zinare ta cike sauran. Ina ganin kwalbar na janye ƙafata. Ɗan baffana ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, Turawan da suka ƙago abin da giya suke haɗa nasu, wannan kuwa ruwan inabi ne mai gas, babu ɗigon barasa, ga shi nan an rubuta har da Larabci. Na karanta, na sa shi ya karanta, na sa matarsa ta maimaita, sannan na yi bisimilla na kurɓa.

Jama'a, ban san me zan ce muku ba. Kamar an tara ƙananan makaɗa dubu a kan harshena kowa da kalangunsa. Hancina ya yi yaji, idona ya kawo ruwa, na ji duk wanda ya taɓa ɓata mini na yafe masa. Wallahi da ɗan baffana ya ce in bar masa babur ɗina a wannan lokacin, da ƙafa zan koma gida ina yi masa godiya. Matar ta ce sirrin abin biyu ne kawai: komai ya yi sanyi, kuma ana zubawa a sha, domin ran abin a kumfarsa yake, kumfa kuwa ba ta jiran kowa.

Wannan na tuna. Na ce ruwan da ya kusa raba ni da babur, ai ba zai kasa raba dattijo da gatari ba.

Ran Alhamis na shiga Kano, na je irin kantin nan da ake tura kwando mai taya, na ɗauko kwalba biyu. Na naɗe su da tsumma na cusa cikin buhun taki, don in wani a mota ya hango wuyan zinaren nan, kafin in kai gida labari ya riga ni, kuma ba wanda zai tsaya karanta Larabci. Na aro kular ajiye ƙanƙara wurin maƙwabci. Na gaya wa maiɗakina shirin gaba ɗaya, ina yi ina nuna mata da hannu yadda kumfar take tashi. Ta saurara har na gama, tana tsince shinkafar waina.

“Malam, wai Baba kake nufi? Baban nawa?”

“Shi fa.”

“Shi ne zai sha abu kana kallonsa?”

Tambayar tana da nauyi, na sani. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa ban taɓa ganin maƙogwaron Baba ya motsa ba, shi ma bai taɓa ganin nawa ba. Da za a ce mini da iska yake rayuwa, ba ni da shaidar da zan musa. Ko a wurin suna aka kawo tuwo, in na shigo ta nan sai ya tuna yana da alwala ta can. Amma na ce mata wannan daban ne, wannan ba abinci ba ne, ba kuma ruwa ba ne, al'ada ba ta san da shi ba balle ta hana. Ta ce to, Allah Ya ba da sa'a. Irin “to” ɗin nan da mata suke yi in sun ga mutum ya nufi rami da gudu.

Asabar da sassafe na je na tsinko lemo sittin, na biya bakin titi wurin mai firji na saro ƙanƙara. Mu a nan ba a matse lemo. Ferewa ake yi da wuƙa, a yanke masa ɗan hula, a tsotse, a jefa wa akuya sauran. Ni da na tashi matsewa da ɓawonsa zan haɗa, ita ta ƙwace wuƙar ta ce man ɓawon zai sa ɗaci. Ta zauna ta fere sittin ɗin nan tas, ta raba kowane biyu, ta matse da hannu a kan matacin koko har yatsunta suka yi fari. A gefe ga tanda tana cin wuta, ga miyar taushe, ga ƙwan zabi da za a soya. Tsakar gidan nan ya ɗauki ƙamshi har tumakin maƙwabta suka zo bakin zana suna sallama.

Sai kofuna. Mai wuyan zalɓe dai babu shi a ƙauyenmu, amma akwai kofunan gilashi shida a cikin jerenta, tun na aure, waɗanda ba su taɓa sanin ɗanɗanon ruwa ba sai na wanki shekara-shekara. Kafin ta yarda a fito da uku, maganar da aka yi ta fi wadda aka yi wurin neman aurenta tsawo.

Da na ga hantsi ya ɗaga, na ce bari a haɗa na farko a ajiye a shirye. Bakin kwalbar an toshe shi da wani abu kamar totuwar masara, an ɗaure da waya. Na warware wayar, ban gama shiri ba abin ya tashi da kansa ya bar gidan, kaji suka watse, har yau ba mu san a gidan wa ya sauka ba. Na juye kwalbar cikin babban kwanon sha a kan ruwan lemo mai sanyi. Kumfa ta taso fara sol, tana wani ɗan shuuu kamar yayyafi a kan kwano. Na tsaya ina kallo, na ce yau gatari ya koma maƙera da kunya.

Daidai nan na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Na ce mata maza ta zuba a kofuna ga ni nan, na fita da gudu. Na tare su, na durƙusa, na karɓi sandar Baba, na shimfiɗa masa darduma a zaure. Ta ƙofa ina hango gatarin ɗaure a bayan babur da roba. Na ce su ɗan ba ni minti ɗaya, na koma ciki.

Na tarar da ita tsaye a kan kwanon da ludayi a hannu, fuskarta cike da gamsuwar wanda ya gama aiki mai wuya. Kwanon kuwa shiru, lumui, kamar ruwan rijiya.

“Me kika yi masa?”

“Damawa na yi mana. Ka zuba abu a kan abu ka tafi, ai bai haɗu ba. Kumfar ma na kwashe ta, da ƙyar, ina kwashewa tana dawowa.”

“Kumfar kika kwashe?”

“To in kai wa Baba abu kamar ruwan wanki? Ko wake ake dafawa ai sai an yaye kumfa.”

“Baiwar Allah, kumfar nan ita na je Kano na sayo!”

“Ai da ka faɗa, da na kaɗa maka sabulu a nan gida, ka huta da shiga mota.”

Ba ni da lokacin faɗa, kuma in gaskiya za a bi, tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin an miƙa wa mutum abin sha ba a dama ba. Fura a dama, kunu a dama, koko a dama. Saura kwalba ɗaya. Na ce wannan ba mai taɓa ta sai ni, kuma a gaban Baba za a buɗe ta, daga kwalba sai kofi, daga kofi sai baki. Na jera kofuna a tire, na ɗebi sabon ruwan lemo a jog, na rungumi kwalbar. Ita kuma ta aika da waina da miya da ƙwai ta hannuna a zuwa na biyu.

Na cire takalmi na tsuguna daga bakin ƙofar zaure. Baba yana zaune yana jan carbi, ƙanin matar yana jingine da bango yana kallona kamar an kawo masa wasan kura kyauta. Da na tuna abin da totuwar farko ta yi wa kaji, na ce ba za a harbi surukina a gidana ba. Sai na tura kwalbar ƙarƙashin babbar rigata, na danne bakin da tafin hannu, na riƙa murɗawa a hankali. Ta fita lafiya, ba ta tashi sama ba. Sai dai ta fita da wani dogon sauti mai laushi, daga ƙarƙashin rigar mutumin da ke tsugune.

Carbin Baba ya ƙara sauri. Ƙanin matar ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Sannu, mijin Yaya. Allah Ya ƙara sauƙi.”

Na fizgo kwalbar na ɗaga ta sama don kowa ya ga mai laifi. Nan take na zuba: lemo rabi, ruwan inabi rabi. Kofuna uku suka tashi da rai, ƙananan ƙwayoyi suna hawa daga ƙasa a jere kamar masu tafiya Idi. Na tura tiren gaban Baba.

Baba bai dubi kofi ba, kwalbar ya miƙo wa hannu. Na ba shi ina nuna masa wurin Larabcin. Ya laluba aljihu ya fito da tabarau, ya goge shi da bakin rawani, ya ɗaura, ya karanta. Baba ba ya karatun gaggawa. Ya bi kowane baƙi ya ba shi haƙƙinsa, ya juya bayan kwalbar ya ga akwai wani, ya bi shi ma. Ya ce, “To, babu laifi.” Ya ajiye. Na ce alhamdu lillahi, yanzu sai sha.

Sai ya gyara zama ya ce, “Malam, ina kwana?”

Na manta. Gaisuwar da aka yi a waje ta tsaye ce, ba a lissafa ta. Ta zaune ita ce gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Ya tambayi mahaifiyata da ƙafarta, ya tambayi baffannina ɗaya bayan ɗaya har da wanda muka yi shekara ba ma magana. Ya tambayi saniyar da ta yi ciwo bara. Ni kuwa kaina a sunkuye kamar yadda ya kamata, kuma sunkuyon ya sa idona daidai kan kofuna. Ina cewa lafiya lau, ina kallon jama'ata suna ƙarewa. Kowace madalla ta Baba sai ta tafi da ɗari. Da aka zo kan saniya, 'yan tsirarun da suka rage hawa suke kamar tsofaffi a kan tudu. Sannan ya ɗaga hannu aka yi addu'a, ta gida, ta gari, ta ƙasa baki ɗaya.

Muka shafa. Na ce, “Bisimilla, Baba.”

“Madalla. An gode.” Ko motsi bai yi ba.

“Baba, shi wannan ɗin ba ya son jira.”

Ƙanin matar ya ce, “Mijin Yaya, shi ba ya son jira, kai kuma ba ka son tashi. To a yi yaya?”

A nan na ga ramin da maiɗakina ta hango tun ran Alhamis. Muddin ina tsugune a wurin, Baba zai iya kaiwa magariba bai taɓa kofin ba. In kuwa na fita, ba zan ga fuskarsa ba a lokacin da makaɗan za su fara, balle in jefa maganar bishiyoyi tun zuciyarsa tana da taushi. Na tashi na ja da baya na fita. Amma ban yi nisa ba. Zaurenmu yana da 'yar taga ta baya, wajen turken awaki. Nan na je na tsaya, ni da akuya, kowa ya kasa kunne.

Na ji Baba ya ce, “Ya tafi?”

“Ya tafi, Baba,” in ji munafukin, da ƙarfi, yadda zan ji.

“Wannan abin tafasa yake yi?”

“A'a, sanyi ƙalau.”

“To me yake wa motsi? Rufe shi da faifai, a bar shi ya natsu tukuna.”

Na dafa bango. Suka ja kwanon waina. A ranar na fara samun shaidar cewa surukina yana cin abinci kamar sauran bayin Allah, kuma ba laifi yana ci. Suka cinye, suka taɓa ƙwai, suka wanke hannu, suka yi hamdala, suka ɗan taɓa hirar farashin taki. Sannan na ji an ɗaga faifai.

“Yauwa, yanzu ya zama abin sha.” Na ji ya kurɓa. “Hm. Wannan ai alewa ce aka jiƙa. Kamar maganin tarin yara.”

Ina nan tsaye sai ga maiɗakina ta fito da lulluɓi, ɗauke da 'yar ƙwarya rufe da faifai. Ta zo wucewa ta gefena ta ce, “Matsa, mai laɓe.” Ta zagaya ta shiga zauren, na ji ta gaishe shi daga nesa, ya amsa a gajarce kamar yadda yake mata, ta ajiye ta fito. Ashe tun da safe ta rage ruwan lemon zalla ta saka a gindin randa, ba ƙanƙara, ba komai.

Na ji an ɗaga ƙwarya. Na ji haɗiya ɗaya, biyu, uku, har na daina ƙirgawa. Aka sauke da ajiyar zuciya.

“Wannan fa?”

“Lemon ne zalla, Baba.”

“Na bishiyoyin nan?”

“Su.”

“To wancan na kofi fa?”

“Shi ma su ne. Mijin Yaya ne ya gyara shi da ruwan Kano.”

Baba ya ce, “Gyara.” Can ya ce a kira ni. Ƙanin matar ko tashi bai yi ba, ya ɗan ɗaga kai wajen taga ya ce, “Mijin Yaya, zagayo.”

Na zagayo na tsuguna. Baba ya kafa idonsa a kan sandarsa, da ita yake magana, ni ina ji.

“Malam, itace a gonar aro, ka san hukuncinsa.”

“Na sani, Baba.”

“Da niyyar sara na zo. Ba don ƙi ba. 'Ya'ya takwas gare ni, ba na so ranar da na kwanta dama a ce ga su can gaban alƙali da kai a kan fegi ɗaya.” Ya taɓa ƙwaryar da yatsa. “Amma itacen da ya ba da wannan, ba zan sa masa gatari in je in amsa tambaya a kansa ba.”

Zuciyata ta yi tsalle ta dafa rufin zaure. Har na fara haɗa kalmomin godiya.

“Sai dai kuma,” in ji Baba, “mutumin da Allah Ya ba irin wannan, ya duba ya ga bai isa ba sai ya shiga mota ya je ya sayo masa ruwan alewa, ban ga yadda zan bar masa amanarsa ba. Wanda ya san a bar abu yadda yake, shi ya kamata ya riƙe.” Ya juya wajen ɗansa. “In an yi azahar ka kira liman da mai unguwa. Fegin nan da abin da ke kansa na ba 'yar nan, kyauta, tun ina da raina. Kai kuma ka ɗauki ɗaya fegin nawa na bakin kwatar ruwa, kada in ƙara jin maganar.”

Ƙanin matar ya yi lissafinsa a fuska, ya ga na bakin kwata ya fi kusa da ruwa, ya ce Allah Ya ƙara girma. Sannan ya dube ni. “To Baba, shi mijin Yaya fa?”

“In ta ga dama ta ara masa.”

Haka aka yi. Bayan azahar liman da mai unguwa suka zo, aka faɗa a gabansu, aka shafa fatiha. Aka ba su ragowar na kwanon sha, wanda aka dama, suka sha suka ce ba laifi, amma da an rage sukari. Da kowa ya watse na zauna na ɗauki kofin da Baba ya bari na kurɓa. Ba makaɗi ko ɗaya, duk sun tashi. Abin da ya rage zaƙi ne mai kama harshe, lemona yana can ƙasa an danne shi ba ya ko numfashi. Ban gaya wa kowa ba a ranar, amma dattijon bai yi ƙarya ba.

Na shiga ciki na same ta tana goge kofunanta tana mayar da su cikin jere ɗaya bayan ɗaya.

“Ranki ya daɗe, mai lambu. A taimaka a ara wa bawan Allah.”

“Zan yi shawara.”

“Da wa?”

“Da ƙanena.” Ta rufe kabad ɗin. “Albasa dai ka ci gaba da yi. Ban ruwa ma ban hana ka ba. Lemo kuwa, in kana so, ka tambaya.”

Na ɗauka wasa ne. Bayan kwana biyu wani abokina ya zo daga garin Kunci, na ce bari in tsinko masa goma ya kai wa iyali. Na leƙa na gaya mata, don dai a ce na gaya. Ta ce akwai waɗanda iska ta kaɗo jiya a gindin ta ƙarshe, in tsince masa su.

Bishiyoyin suna nan, ba wadda ta rasa ko reshe. Bara ma ta ƙara dasa goma sha biyu, tunda ƙasarta ce ba mai cewa don me. Ni na haƙa ramukan.